Maganin Murɗawar Ciki da Matsalar Bayan Gida ga Mai Juna Biyu

Uwargida, idan ciki ya murɗa, mata da yawa kan aika kemis a sayo Buscopan. Kafin ki sha, yana da kyau ki san aikinsa a jikinki.

Yadda yake aiki

Hanji yana da tsoka mai matsewa tana sakewa, da haka take tura abinci har ya zama bayan gida. Sinadarin hayosin da ke cikin Buscopan, miligiram 10 a kowace ƙwaya, yana tare saƙon da jijiyoyi ke kai wa wannan tsoka. Sai murɗawar ta lafa, amma tafiyar hanji ma ta ragu. Ciwon yake kwantarwa, ba ya warkar da abin da ya jawo shi.

Abin da yake jawowa a dubura

Dama juna biyu na rage motsin hanji, ga kuma maganin ƙarin jini da ake ba ki wajen awo yana taurara bayan gida. Idan aka haɗa da Buscopan, sai bayan gida ya daɗe a ciki ya bushe. Yawan yunƙuri na kawo basir da tsagewar bakin dubura mai zafi da jini. Wani lokaci ƙullutun ya toshe hanya, sai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefensa yana ɓata zane ba da saninki ba. Wannan ba zawo ba ne, kuma maganin tsayar da zawo ƙara dagula shi yake yi. Buscopan kan sa bushewar baki, bugun zuciya da sauri, da wahalar fitsari.

Gargaɗi ga mutanen yankinmu

A shekarar 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare na Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum. Manya ma tana kama su, kuma cikin alamunta akwai murɗawar ciki mai tsanani da taurin bayan gida. Dalma na ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki. Idan ana aikin zinare a gidanku, gwajin jini kike buƙata, domin ƙwaya ɓoye alamar kawai za ta yi.

Abin da za ki yi

1. Kada ki sha Buscopan sai likita ko ungozoma ta rubuta miki.
2. Ki yawaita shan ruwa mai tsabta, ki ci zogale, kuɓewa, wake da gwanda.
3. Kada ki daina maganin ƙarin jini. Ki gaya wa ma'aikatan awo damuwarki.
4. Ki garzaya babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum idan ciwon ya zo da zubar jini, fashewar faya, zazzaɓi, amai, ko ɗa ya rage motsi. Ciwo mai zuwa yana dawowa na iya zama naƙuda.

Bayan haihuwa, idan iska ko bayan gida na kuɓuce miki, mai yiwuwa zoben tsokar dubura ne ya yage. Ana gyara shi a asibiti, kada kunya ta hana ki faɗa. Maigida, kai ma ka rako ta.