Shin Yawan Cin Abinci Mai Gina Jiki Yana Da Illa Ga Mai Rage Ƙiba?

A darasin kimiyyar abinci mun koyi cewa abincin da ke ba jiki ƙarfi iri uku ne: mai sitaci kamar dawa, gero, shinkafa da rogo, mai maiƙo kamar man gyaɗa, man ja da man shanu, sai mai gina jiki, wato furotin, wanda ya fi yawa a nama, kifi, ƙwai, nono, wake da gyaɗa. Wannan na ukun ne ake ta muhawara a kansa. Wanda teɓa ta dame shi yakan ji ana cewa ya bar tuwo ya kama nama, zai rame ba tare da yunwa ba. Kafin ya kai ga mahauci sai wani ya tare shi da cewa nama zai kashe masa ƙoda. Kowannensu yana da ɗan abin da ya riƙa, saboda haka bari mu bi maganar a hankali.

Mu fara da abin da jiki yake bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2007, ta ce babban mutum mai lafiya yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a rana ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan zai nemi giram 48 zuwa 50. Ƙwan kaza ɗaya yana da wajen giram 6, busasshen wake giram 100 yana da wajen 24, gyaɗa 25, waken suya kuwa ya kai 36. Ko dawa da gero da muke raina wa suna da wajen giram 10. A lura, wannan adadi shi ne abin da zai hana jiki rashi. Ba a sa shi don ya zama iyakar da in an haura ta za a cutu ba.

To, me ya sa masu rage ƙiba suke son furotin? Yana riƙe ciki fiye da sitaci. Duk wanda ya karya kumallo da ƙosai ko alale ya san bambancinsa da wanda ya sha koko zalla. Kuma jiki yana shan wahala wajen sarrafa shi: cikin kowane kalori 100 na furotin, 20 zuwa 30 suna ƙonewa wajen narkarwa, alhali na sitaci bai wuce 5 zuwa 10 ba, na maiƙo kuwa bai kai haka ba ma. Amma dalilin da ya fi nauyi a wurinmu shi ne na tsoka. In mutum ya rage cin abinci, ba kitse kaɗai ke zubewa ba, har da naman jiki. Wanda ya ci isasshen furotin, ya kuma riƙa aikin ƙarfi, yakan tsira da mafi yawan tsokarsa. Shi ya sa masana da yawa suke ba mai rage ƙiba shawarar giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo. Wannan ya kusan ninka na hukumar, amma har yanzu abin da kwanon abinci na yau da kullum zai iya ɗauka ne.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi yana ba da labarin yadda ya rame bayan ya bar burodi, sukari, dankali da giya ya koma ga nama da kifi. A 1972 wani likita a Amurka, Robert Atkins, ya sake farfaɗo da ita, littafinsa ya yi kasuwa ƙwarai.

Yanzu ga maganar ƙoda, wadda ita ce tushen tsoron. Furotin yana ɗauke da sinadarin naitirojin, abin da babu a sitaci ko mai. Jiki ba ya da rumbun ajiye rarar furotin, sai ya farfasa shi, hanta ta mai da naitirojin ɗin ya zama yuriya, ƙoda kuma ta tace yuriyar ta fitar da ita cikin fitsari. In an ci da yawa, aikin tacewar yana ƙaruwa, wannan gaskiya ne, an auna an gani. A 1982 wani likitan ƙoda a Amurka, Barry Brenner, ya kawo ra'ayin cewa wannan ƙarin aiki zai iya gajiyar da matatun ƙoda in an daɗe ana yi. Ra'ayin ya dace da abin da ake gani a wurin masu ciwon ƙoda. Tambayar da ta rage ita ce ko ya shafi masu lafiya.

An bi sawun maganar. A 2003 aka buga sakamakon wani bincike da ya bi mata ma'aikatan jinya 1,624 a Amurka har shekara 11. Waɗanda ƙodarsu take lafiya tun farko, yawan furotin bai rage ƙarfinta ba. Waɗanda kuwa ta riga ta ɗan raunana, an ga tana ƙara yin ƙasa, musamman in furotin ɗin na nama ne. A 2018 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka tattara gwaje-gwaje 28, su ma ba su ga wata illa ga ƙodar masu lafiya ba. Sai dai mu faɗi gaskiya, yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje na makonni ne ko watanni, ba na shekaru ashirin ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ciwon ƙoda ba ya sallama. Mutum yana iya rasa rabin ƙarfin ƙodarsa yana ta harkokinsa bai ji komai ba. Manyan abubuwan da ke jawo shi kuwa su ne ciwon sukari da hawan jini, kuma waɗannan biyun sun fi kama masu ƙiba. Ashe ke nan wanda ya fi ɗokin kama nama don ya rame, shi ne ya fi kusa da zama cikin waɗanda naman zai cutar. Mai ciwon ƙoda da bai kai ga wankin jini ba, likitoci sukan tsayar masa da furotin a kan giram 0.6 zuwa 0.8. Gwajin jini da na fitsari suna nuna halin da ƙoda take ciki, kuma asibitoci da yawa suna yinsu. Iyayenmu da malamanmu da suka haura shekara 40, ko masu ɗaya daga cikin cututtukan nan biyu, a ganinmu bai kamata su canja abinci haka kawai ba sai sun yi gwajin.

An taɓa cewa furotin yana zuƙe ƙashi domin yana ƙara kalsiyam a fitsari. Daga baya aka gano hanji ma yana ƙara tsotsar kalsiyam ɗin daga abinci, don haka wannan tsoro ya yi sauƙi. Amma mai fama da tsakuwar ƙoda, ko ciwon gaɓoɓin nan da ke kumbura babban yatsan ƙafa, ya yi hattara da jan nama da kayan ciki.

Akwai iyaka kuwa, ko ga mai lafiya. A 1928 wani mai yawon bincike da ya zauna da mutanen yankin ƙanƙara na Arewacin Kanada, Vilhjalmur Stefansson, ya yarda likitocin asibitin Bellevue a Niyok su sa masa ido yana cin nama kaɗai har shekara guda. Da aka fara shi da tsoka zalla babu kitse, kafin kwana uku tashin zuciya da zawo sun kama shi. Da aka mayar masa da kitse sai ya warware, ya kuma ƙarasa shekarar lafiya. Hanta tana da iyakar yuriyar da za ta iya haɗawa a rana. Abin da ya faru a 1977 ya fi wannan muni. Mutane da yawa a Amurka sun bar abinci gaba ɗaya suna shan wani ruwan furotin da aka yi da fata da jijiyar dabbobi, wanda kalorinsa a rana 'yan ɗaruruwa ne kawai. Wasu suka mutu farat ɗaya. Da aka binciki 17 daga cikinsu, galibi mata, aka tarar bugun zuciyarsu ne ya rikice. Furotin ɗin maras inganci ne, ga yunwa ta watanni, ga ƙarancin sinadaran gishiri da zuciya ke aiki da su.

Wani abin dubawa shi ne da me furotin ɗin ya zo. Tsire da balangu suna zuwa da kitse da gishiri, kitse kuwa kalori 9 ne a kowane giram, furotin 4. A 2015 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanji. Wake yana zuwa da dusar da ke hana taurin bayan gida, wanda shi ne kukan farko na masu barin hatsi. Gyaɗa kusan rabinta mai ce, amma ƙuli-ƙuli da aka matse ya fi ta furotin. Awara ma tana da kyau, sai dai kaskon suya yana mayar mata da abin da ake gudu.

Mu ɗalibai kuma lissafinmu daban ne, domin jikin da yake girma yana bukatar furotin da kalori duka biyu, kuma rage abinci a shekarun nan ba tare da likita ba yana iya tauye tsawo da jini. A ƙasarmu ma ƙarancin furotin ya fi yawansa damun jama'a. Cutar kwashoko da likita Cicely Williams ta bayyana a 1933 a ƙasar da yanzu ake kira Gana, har yau ana kai yara asibiti da ita bayan yaye. Ranar da aka dafa wake da shinkafa a ɗakin cin abinci, mu sani waken yana cike sinadarin laisin da hatsi ke da ƙarancinsa, shinkafar kuma tana cike metiyonin da waken ya gaza.