Naƙasassu Ma 'Ya'yan Ƙasa Ne

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abokina da muka yi firamare tare a wani ƙauye na ƙasar Kusada. Shan-inna ta kama shi tun yana goye, ta shanye masa ƙafafu duka biyu. Da rarrafe yake zuwa makaranta, ya sa silifa a hannuwa saboda ƙaya da zafin ƙasa. Amma daga aji uku har aji shida ba wanda ya taɓa ƙwace masa na ɗaya a lissafi. Da muka gama, ni aka kawo ni makarantar kwana. Shi kuwa sakandaren da ta fi kusa da su tana da nisa, ga shi ba keke, mahaifinsa kuma ya ce ba zai iya kai shi makarantar kwana ba, don bai san wanda zai ɗebo masa ruwa ba. A hutun da ya wuce na gan shi a tashar motar Kankiya, bakin hanyar Kano zuwa Katsina, yana miƙa ƙoƙo. Da muka haɗa ido sai ya sunkuyar da kai. Ni ma na rasa abin da zan ce masa.

Tun daga ran nan nake tambayar malamaina, ina kuma duba littattafai, don in san abin da gwamnati ta tanadar wa irinsa. Ga abin da na samo.

Da farko, naƙasassu ba 'yan kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana da wata naƙasa. Cikinsu akwai makafi, da kurame, da guragu, da waɗanda kuturta ko haɗarin mota ya illata. Wasu an haife su da ita, wasu daga baya ta same su. Watau ba wanda ya fi ƙarfinta. Alhamdu lillahi, a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Nijeriya ta hanyar rigakafi. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, kuma da yawansu sa'o'inmu ne.

Na biyu, girmama naƙasasshe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma yana cikin ladanan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma sau da dama shi aka bar wa riƙon Madina idan an fita yaƙi. A ƙasar Hausa akwai sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare tun kaka da kakanni. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji da ake rerawa ko'ina, makaho ne. A Faransa kuma Louis Braille ya makance yana ɗan shekara 3, amma a 1824, yana ɗan shekara 15, ya ƙago rubutun makafi mai ɗigo 6 da ake karantawa da yatsa. Ku duba fa, bai ma kai shekaruna ba.

Na uku, akwai doka. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. Sa'an nan a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan jiha tamu, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Manyan abubuwan da ta ƙunsa su ne:

1. Naƙasasshe yana da haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare.
2. Ma'aikatun gwamnati su ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu.
3. An ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke ko makaho zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024.
4. Mutumin da ya nuna wa naƙasasshe bambanci za a ci shi tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Kamfani kuwa tararsa Naira 1,000,000 ce.

A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, aka ba James Lalu shugabancinta. A 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan-inna ta taɓa, kuma ya yi shekaru yana ƙera kekunan guragu a Jos.

To, doka ta yi kyau. Amma Hausawa sun ce ba a nan gizo ke saƙa ba. Mu ɗauki maganar kashi 5 ɗin nan. Ma'anarta ita ce idan Ƙaramar Hukuma za ta ɗauki ma'aikata 100, to 5 daga cikinsu su zama naƙasassu. Amma ba a ɗaukar akawu ko malamin makaranta sai da takardar shaida. Idan yaro ya tsaya a aji shida, da wace takarda zai nemi aikin? Ran da aka zo ɗauka sai a ce an nema ba a samu wanda ya cancanta ba, a ba ɗan wani gurbin. Ashe ke nan ƙofar ofis daga ƙofar aji take farawa.

Ƙofar ajin kuwa har yanzu ƙarama ce. An fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka sake ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999. A jiharmu akwai Makarantar Makafi a Katsina da Makarantar Kurame a Malumfashi. Aikinsu abin yabo ne, sai dai makarantu ƙalilan ba za su ɗauke yaran ƙananan hukumomi 34 ba. Gurgu ma ba ya bukatar makaranta ta dabam. Abin da yake bukata shi ne keke, da gangare a maimakon matakala, da ƙofa mai faɗi, da makewayin da zai iya shiga, da famfo kusa da ɗakin kwana. Kurma yana bukatar malamin da ya iya maganar hannu, makaho kuma littafin rubutun makafi. Yawancin waɗannan ba su kai kuɗin gina aji ɗaya ba.

Game da naɗe-naɗen muƙamai kuwa, sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a raba muƙamai yadda ba wani ɓangare da zai danne wani. In har an ga dacewar a kula da jiha da jiha, to kulawa da mai ƙafa da marar ƙafa ma adalci ne. Amma kada a tsaya ga naɗa mutum ɗaya mai ba da shawara kan naƙasassu a ce an gama. Gurgun da ya yi karatu a Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya zai iya gwajin jini ko ajiye katin marasa lafiya. Makaho zai iya koyarwa, zai iya aikin rediyo ko na lauya. A buga tallan aiki kowa ya ji, a yi jarrabawa a fili, wanda ya ci a ba shi. Ba sadaka suke nema ba, haƙƙinsu ne.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, don Allah kada a ɓoye yaro a ɗaka saboda kunya, kada kuma a miƙa masa ƙoƙon bara tun bai san ciwon kansa ba. Ina roƙon shugabannin Ƙananan Hukumomin Kankiya da Kusada, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su ƙidaya yaran nan gida-gida, don ba a yi wa wanda ba a san da shi ba tanadi. Ƙungiyar iyaye da malamai ta dubi matakalar azuzuwa da makewayi. Mu kuma 'yan makaranta mu daina kiran mutum da sunan lalurarsa, mu tura keken ɗan'uwanmu, mu karanta wa makaho abin da ke kan allo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni dai na yi niyya, in Allah ya kai mu hutu mai zuwa, zan roƙi babana ya raka ni wurin mahaifin abokin nan nawa, mu ga ko za a haɗa kuɗin keke a mai da shi makaranta. Shekarunsa 16 ne kacal, lokaci bai ƙure masa ba. Allah ya ba mu ikon yin adalci, amin.