Kujerun Da Ke Ƙaruwa A Sahu: Darasi Kan Ƙarfin Jiki



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, duk mai sallar Juma'a a garuruwanmu na kan hanyar nan, daga Bodinga da Sifawa har Yabo da Shagari, zai shaida cewa kujerun roba sai ƙaruwa suke yi a gefen sahu. Shari'a ta yi sauƙi a nan, babu mai musu. Sahabi Imrana ɗan Husaini (RA) yana fama da basir ya tambayi Manzon Allah (SAW), aka ba shi damar yin sallah a zaune idan tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe idan zaman ma ya gagara. Saboda haka kar wani ya karanta rubutun nan ya je yana yi wa dattijo kallon raini. Abin da ya dame ni shi ne shekarun masu hawa kujerun. A da 'yan tamanin ne. Yanzu sai ka ga ɗan hamsin da 'yan kai, bai yi haɗari ba, ɓarin jikinsa bai shanye ba, amma cinya da gwiwa sun ƙi ɗaga shi daga ƙasa.

Likitoci sun daɗe da auna wannan. Daga shekara 30, wanda ba ya aikin ƙarfi yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, kuma bayan shekara 60 zubewar takan ƙara sauri. A 1989 wani likita a Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa abin suna sarkofeniya, wato ƙarancin nama a harshen Girka. Sharrinta shi ne ba ta nuna kanta. Sikeli ba zai tona ta ba, domin kitse yana maye gurbin tsokar da ta tafi. Tumbi yana fitowa, cinya tana ramewa a ƙarƙashin babbar riga, mu kuma muna cewa, "Alhaji, hutu ya karɓe ka."

Iyayenmu ba su san wani ɗakin ɗaga ƙarfe ba, rayuwa ce take yi musu wannan aikin kyauta. Mutum zai yi huɗa da garma, ya yi noma da hauya, ya ɗauki damin gero a ka, ya ja guga daga rijiya mai gaba goma. A fadama jigo ake ja a shayar da albasa. Iyayenmu mata kuma turmi da taɓarya da dutsen niƙa, safe da yamma. Yau fa? Maganin feshi ya karɓi rabin aikin hauya, injin ban ruwa ya kori jigo, injin niƙa ya hutar da dutse, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba sai a tsayar da ɗan kabu-kabu. Duk ni'ima ce, Alhamdu lillah, ba na kiran kowa ya koma jan jigo. Sai dai jikin bai san an ƙera inji ba. Abin da ya sani kawai shi ne tsokar da ba a aiki da ita ba ta cancanci a ci gaba da ciyar da ita ba, sai ya rage ta. Waɗanda abin ya fi ci su ne masu yini a zaune: malamin zaure, ma'aikacin sakatariya, mai shago, direba, tela.

Na san wani manomi zai ce, "Malam, mi za mu yi da wanga zance, mu da muke yini gona?" Gaskiyarka, ka fi mu. Amma ƙirga watanninka. Damina a ƙasar Sakkwato wata huɗu ce ko ƙasa da haka. Idan ba ka noman rani, daga an kai amfani rumbu sai zaman inuwa har ruwa ya sake sauka, tsoka kuwa makonni kaɗan na zama sun isa ta fara ja baya. Ina ganin akwai hikima a yadda kakanninmu suka sa kokowa a lokacin kaka, bayan an gama aikin gona.

Mu mutanen wannan yanki ma bai kamata a yi ta jan hankalinmu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, an haife shi a 1754, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804 yana dab da shekara hamsin. Daga nan jama'a ta yi ta ƙaura, Magabci kusa da Yabo, Sabon Gari, Gwandu, kafin ya zauna a Sifawa har zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan Bodinga. Malaman da suka cika mana taskoki da littattafai, a bayan dabba da ƙafa suka ratsa wannan ƙasa.

Masu wa'azin motsa jiki sukan kawo hadisin Abu Huraira (RA) na cikin Sahihu Muslim da ya fifita mumini mai ƙarfi. Amanar ilimi ta sa in faɗa muku cewa Imamun Nawawi ya fassara ƙarfin da azamar zuciya wajen al'amuran lahira. Ba sai mun tanƙwara hadisi ba. Ya ishe mu cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) har sau biyu: ta tsere masa a farko, bayan shekaru da ta yi jiki shi kuma ya tsere mata. Ya ishe mu cewa Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa kusan kilomita 3 ne, ban da Ɗawafi da tafiyar jifa, kuma yawancinmu sai mun manyanta kuɗin kujerar Hajji suke haɗuwa.

Wasu kuma su ce ai sallah kanta motsa jiki ce. Raka'a 17 ta farilla, sujada 34 a yini, tabbas gaɓoɓi suna amfana. Amma sallah ibada ce, kar niyya ta gurɓace. Sannan tsoka tana ƙaruwa ne idan aka ɗora mata abin da ya ɗan fi wanda ta saba. Nauyin da ta saba ɗauka shekara arba'in ba zai ƙara mata komai ba.

To wanda ya riga ya tsufa fa, ya makara? A 1990 wata likita, Maria Fiatarone, ta wallafa binciken da suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka. Tsofaffi goma ne, 'yan shekara 86 zuwa 96, masu rauni sosai. Aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Biyu suka ajiye sanda. Wata biyu kacal, a shekara casa'in. Subhanallah.

Amfanin bai tsaya ga tashi da zama ba. Mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan ka ci tuwo ko shinkafa, tsoka ce take kwashe shi. Idan ta ragu, wurin zuba shi ya ragu, ciwon suga ya samu ƙofa. Ƙashi ma nauyi yake ƙarfafa shi, kuma kun san dattijon da ya faɗi ya karya ƙugu sau da yawa daga wannan kwanciyar ba ya sake tashi. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015 ya bi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, aka ga cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu tana tafiya tare da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa a tsawon binciken. Ajali na hannun Allah, babu mai ƙara wa kansa daƙiƙa. Muna magana ne kan sababi, kamar yadda muke shiga gidan sauro.

Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2020 ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi irin tafiya da sauri, sannan kwana biyu ko fiye na aikin ƙarfafa tsoka. Ɗan 65 zuwa sama kuma ya haɗa da atisayen daidaita tsayuwa, kwana uku. Tafiyar da yawa sun sani. Kwana biyun nan ne ake mantawa.

Kayan aikin suna gidanka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka sikeli ce da kanta: zuba lita 5 ka samu kilo 5. Fara da abin da ya fi muhimmanci, cinya. Zauna a bakin benci, rungume hannuwanka a ƙirji, miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, ka koma a hankali, kar ka faɗa. Sau goma, ka huta minti ɗaya ko biyu, ka sake, har zagaye uku. Saukowar a hankali ita ce rabin aikin. Ranar da sau goma sha biyar ya zama wasa, rungumi jarka mai lita 5, gaba ka mai da ita 8, ka mai da ita 10, ko ka nemi kujera 'yar tsugunno da ta fi benci ƙasa. Ma'aunin shi ne biyu ko ukun ƙarshe su ba ka wuya amma ka iya yin su daidai.

Bayan cinya sai turawa da jawowa. Dafa bango da tafukanka, ka kai ƙirji kusa da shi ka tura kanka baya. Idan ya yi sauƙi koma kan benci, daga nan ƙasa. Jawowa kuma, dafa benci da hannu ɗaya, bayanka a miƙe, ka jawo jarka zuwa kwiɓinka da ɗayan. Mai rijiya a gida ya ja guga da kansa ya bar aiken yara. A ƙarshe ɗauki jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, ka zaga tsakar gida taku talatin ko arba'in. Dattijo ya ƙara da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya kusa da bango. Duka minti ashirin zuwa talatin ne. Zaɓi kwana biyu da ba sa jere, misali Asabar da Talata, ka ɗaura su a bayan azkar ɗin safe, domin abin da aka jingina da lokacin sallah ya fi wuyar sakuwa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu a farko ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa kuwa, tsaya.

Magidanta, wannan darasin har da iyalanku, ko in ce sun fi mu buƙata. Mace idan al'ada ta ɗauke mata ƙashinta yakan yi saurin raguwa, ga shi da yawa daga matanmu yininsu a tsakar gida ne. Duk abin da na lissafa ana yinsa a cikin ɗaki, da sutura, ba fita ba cakuɗa. Ka karanta wa mahaifiyarka, ka riƙe mata benci.

Tsoka kuma da abinci ake gina ta, ba sai nama kullum ba. Wake, ƙuli-ƙuli, nono, awara, ƙwai, busasshen kifi, a samu ɗaya a kowane cin abinci. Dattijon da haƙori ya gaza aka bar shi da koko da kunu zalla, a sa masa nono da alala. Samari kuma ku ji tsoron Allah game da ƙwayoyi. Tramadol ɓoye gajiya yake yi, ba ya ƙara ƙarfi. Dexamethasone da ake sha don a yi jiki kumbura fuska yake yi, yana cinye tsokar cinya da ƙashi, yana tayar da suga.

Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ƙaba, ko mai juna biyu, ya ga likita kafin ya fara. Kowa kuma ya kiyaye riƙe numfashi lokacin ɗagawa, domin yana harba jini sama. Fitar da iska kana ɗagawa, shaƙa kana saukewa. Jiri ko ciwon ƙirji ya zo, a ajiye nan take a tafi asibiti. A watannin Maris zuwa Mayu da zafinmu ke haura digiri 40, kar a wuce hantsi, a sha ruwa kafin a fara. Da azumi kuwa a mai da shi bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan Tarawihi, a rage zagaye uku su koma biyu.

Wallahu a'alam.