Ƙarfe Biyun Dare a Asibitin Jami'a

'Yata, na sami labarin an ɗora miki shugabancin asibitin jami'arku. Allah ya taya ki riƙo. Babarki ta kira ni tana ta guɗa a waya, na ce mata ta rage saura, akwai ranar da za ki dawo gida ko gaisuwa ba ki iya amsawa don gajiya. An kuma ce kwamitinku zai zauna ya zaɓi kamfanin da zai riƙe inshorar lafiyar ɗalibai. Shi ya sa na zauna rubuto miki. Ke likita ce, ni jinya na yi, ba zan koya miki karatu ba. Sai dai na yi shekaru ina aikin dare a irin wannan ɗan asibiti, kuma dare yakan nuna wa mutum abin da rana ke rufewa.

Ki riƙa tuna inda kuɗin nan ya fito. A tsarin TISHIP, wato inshorar lafiyar ɗalibai, kowane ɗalibi yana biyan kuɗin lafiyarsa haɗe da kuɗin rajista. Wani sai da ubansa ya sayar da buhun masara, wata sai da uwarta ta ɗauki adashi. Tun 1999 aka yi dokar inshorar lafiya a ƙasar nan, a 2005 ta fara aiki, a 2022 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwa wadda ta kafa hukumar NHIA ta mai da inshorar wajibi. Duk da haka, ki tsaya a bakin ƙofar makaranta da yamma ki gani. Yaro na rawar ɗari, ya wuce asibitinku ya tafi kemis, ya sayi maganin zazzaɓi da kuɗin abincinsa. Bai san ya riga ya biya ba, don ba wanda ya gaya masa. Saboda haka idan an tara sababbin ɗalibai, kada ki aika wakili. Ki je da kanki, ki faɗa musu abin da katinsu ya ɗauke musu da abin da bai ɗauke ba.

Bari in ba ki labarin wani dare. Wajen ƙarfe biyu 'yan ɗakin wata ɗaliba suka kawo ta a kan babur, sun sa ta a tsakiya. Yarinya ce 'yar aji biyu, ta riƙe gefen mararta na dama, zufa ta jiƙe mata hijabi. Likitanmu yana taɓa wurin ya ce afendis ne, sai babban asibiti. To, babban asibitin ba zai yi mata aiki a kan inshora ba sai kamfanin inshorar ya ba da lambar izini. Na buga wayarsu har kunnena ya yi zafi, ba a ɗaga ba. Motar asibitinmu kuwa tana nan, amma ba mai a cikinta. Muka yi karo-karo, ni da maigadi da ƙawayenta, aka sayo man cuwa-cuwa. A can aka ce sai an ajiye wani abu, na ajiye kuɗin cefanen gidana. Allah ya sa aka yi aikin kafin abin ya fashe. Lambar izinin sai hantsi ta iso. Kamfanin nan shi ne ya fi kowa araha lokacin da aka zaɓe shi, har aka yi ta yaba wa kwamiti. Araha ba ta ado, 'yata.

Don haka idan kamfanonin inshorar, wato HMO, suka zo da takardunsu masu ƙyalli, ki saurare su da mutunci, su ma neman halak suke yi. Amma ki karɓi lambar da suka ce ta gaggawa ce, ki sa agogo ya tashe ki tsakar dare, ki buga. Ki ji ko za a ɗaga, da kuma wa zai ɗaga. Ki tambaye su makarantun da suke yi wa aiki, sannan ki nemi ma'aikatan jinyar can, kada ki tsaya kan shugabanni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su za su gaya miki ko kuɗin da ake biyan asibiti a kan kowane ɗalibi yana zuwa a kan kari, ko sai an yi ta bin sawu. Idan ya makara, shagon maganinku ne zai fara bushewa, kuma ke ɗalibai za su zaga, kamfanin ba su san ma sunansa ba. Ki leƙa babban asibitin da za a riƙa tura muku marasa lafiya, ki ji ko suna bin kamfanin bashi. Asibitin da ke bin bashi fuska a ɗaure yake karɓar yaranki.

Akwai tambayar da ake mantawa. Yaro ya tafi hutu, ko ya tafi aikin koyon sana'a na SIWES a wani gari, ciwo ya same shi a can, wa zai biya? Kin tuna yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas ɗalibai suna gida. Ki sa a rubuta amsar a cikin yarjejeniya, ba a fafe gora ranar tafiya. Haka batun masu sikila da masu asma da masu ciwon suga, waɗanda tun ranar gwajin shiga makaranta ya kamata ki san su. Haka matan aure masu zuwa awon ciki, a jami'o'inmu suna da yawa. Kuma wakilin ɗalibai da ke cikin kwamitin, kada a mai da shi ɗan kallo. Ki ba shi takardun ya karanta tun kafin zama.

Za a kawo miki alheri. Wani zai ce ragon Sallah ne, wani zai ce taron bita ne a otal. Na san ba halinki ba ne, amma abin da sallama yake shigowa. Ki yi godiya ki mayar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar da za ki ɗaga murya don yaron wani, sai ki ji ta maƙale.

Sauran aikin kin fi ni sani. Damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa, zafin Maris da Afrilu ya zo da sanƙarau a ɗakunan kwanan da suka cika maƙil. Ki tanadi kayan gwaji da ruwan ƙari kafin lokacinsu, kuma man motar asibiti ya zama yana da nasa kason da ba a taɓawa.

Abin da na fi so ki kula da shi shi ne bakin ma'aikatanki. Lokacin jarabawa layi yakan yi tsawo, mu kuma mukan ce duk ƙarya ce, takardar hutu suke nema. Ni ma na faɗa, Allah ya yafe mini. Wasu kam ƙaryar ce. Amma a cikinsu akwai wanda ya kwana uku bai runtsa ba, akwai wanda ya fara shan Tramadol don ya iya karatu, akwai wadda abin da ke damunta ba ta iya faɗa wa uwarta ba. Da ciwon kai suke fakewa su zo. Idan aka daka musu tsawa a teburin kati, ba za su dawo ba. Idan kuma sirrin ɗaya ya fita ya kai ɗakin kwanan ɗalibai, ɗari ne za su daina zuwa. Ki samar da ɗaki mai ƙofa, da ma'aikaci mai haƙurin sauraro.

Kafin ranar zaman kwamitin, ki zaɓi dare ɗaya ki kwana a asibitin, ba tare da kin sanar da kowa ba. Ki tafi da bargo da fitila, kada ki dogara da janareta. Ki gaishe mini da maigidan da yara. In kin samu sarari ki biyo, na ajiye miki kuka da daddawa.