Waya ta zo Baudeta

Baudeta gari ne na manoma cikin gundumar Tasawa, jahar Maraɗi. Ana noman hatsi da dawa da wake da gujiya. In an gama aikin gona, samari su tafi cin rani Maraɗi ko Katsina ko Kano, wasu har Libiya.

A da, labari da ƙafa yake tafiya. In mai gari yana da magana, sai maroƙi ya kewaya gari yana shela. Ɗan cin rani kuwa sai ya nemi mai rubuta masa wasiƙa, da boko ko da ajami, ya ba direba. Wani lokaci a yi haihuwa a gidansa, har a yi suna, bai ji ba sai ya komo.

Daga baya rediyo ta zo. An buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai a 1958, a 1974 aka sa masa suna Muryar Sahel. Mutane su taru gindin itace su saurara. Amma rediyo ita kaɗai ke magana, ba a mayar mata da amsa.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Ta fara daga birane, sannan ta bazu ƙauyuka. In mutum ya yi magana, waya ta mai da muryarsa lambobi iri biyu, 0 da 1. Ta aika su zuwa dogon ƙarfen da aka kafa kusa da gari, daga can su wuce har wayar wanda aka kira. Ita kuma ta sake mai da su murya. Duk wannan kamar ƙiftawar ido.

Yau manomi ba ya ɗora hatsi a amalanke sai ya kira Tasawa ko Mayahi ya ji nawa tiya take. Wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kuɗin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta ga inda waya ta iso, bambancin kuɗi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

A 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba sai ta danna, ta yi magana da Hausa, ɗanta ya ji ta a Kano. Shi kuma ya aiko mata da hotonsa.

Amma hanyar da gaskiya ke bi, ita ƙarya ke bi. Wani ya aiko da murya, ya ce allurar rigakafi tana cuta. Uwa ta ji, ta ɓoye ɗanta, ƙyanda ta kama shi. Wani ya kira, ya ce an ci kyauta, a turo masa kuɗi tukuna. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komowa. Saboda haka, kafin mutum ya tura labari gaba, sai ya tambaya: Wa ya faɗa? Yaushe? Ya gani da idonsa, ko ji ya yi? In batun lafiya ne, a tambayi likita.

Ɗan lakwal yana da babban aiki a nan. Shi ake miƙa wa waya ya karanta saƙo, na Hausa ko na Faransanci. Wannan amana ce. Ya karanta abin da aka rubuta, kada ya ƙara, kada ya rage, kada ya kai sirrin gidan wani dandali.

TAMBAYOYI

1. Yaya ɗan cin rani yake aika labari gida a da?
2. Mene ne bambancin rediyo da waya?
3. Waɗanne tambayoyi uku ake yi kafin a tura labari?

AIKI

Ku tambayi kakanninku yadda suke jin labarin kasuwa kafin zuwan waya. Ku rubuta amsar cikin layi biyar.