Yadda Ake Gasa Dankali da Dakakken Naman Rago a Kwano Ɗaya

Rabin kilon nama idan aka yanka shi tsoka-tsoka aka zuba a miya, kafin a raba wa mutum shida sai an yi ta lissafi, ƙarshenta ƙananan yara su tashi da romo. Amma idan aka daka wannan naman aka shimfiɗa shi a ƙasan kwano, aka rufe shi da farfasasshen dankali aka gasa, duk wanda ya sa cokali sai ya ɗebo rabonsa. Dalilin da ya sa nake ganin girkin nan ya dace da gidajenmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ke nan, musamman yanzu da nama ya yi tsada.

Asalinsa abincin mutanen Ingila da Ayalan ne, suna kiransa shepherd's pie idan da naman rago aka yi. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 18 talakawansu suke yin irinsa da ragowar gasasshen naman da ya kwana. Ba abincin ƙasaita ba ne, kuma babu wani abu a cikinsa da ba za ki samu a kasuwarmu ba.

Domin mutum shida, uwargida, ki tanadi dankalin turawa kilo ɗaya da rabi, da naman rago rabin kilo marar ƙashi, da albasa manya 2, karas 3, tumatir 4, attaruhu 2 ko 3, tafarnuwa, ɗanyar citta, daddawa ɗaya, gishiri da dunƙule. Sai man shanu cokali 3, madara kamar rabin kofi, da fulawa cokali ɗaya. Idan akwai koren wake ki haɗa, in babu ba komai. Yawancin dankalin turawan da ke shigo mana daga Filato yake zuwa, yankin Bokkos da Mangu, kuma ya fi araha idan damina ta yi nisa. Wajen saye ki kauce wa wanda ya yi kore ko ya fara tsiro, domin koren nan yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki. Nama kuwa, a ƙasar da ke da kasuwar dabbobi irin ta Sheme ba sai an koya wa kowa zaɓe ba. Ki dai ce wa mahauci ya ba ki cinya ko kafaɗa mai ɗan kitse kaɗan. Na akuya ko na sa ma yana yi.

Ki fara da naman. Idan kina da wurin niƙa shi ɗanye, to. Idan babu, ki tafasa shi da albasa da citta da gishiri har ya yi laushi, ki tsame, ki daka shi sama-sama a turmi kamar za ki yi dambun nama, sai dai kada ya yi gari. Romon ki ajiye shi, yana da aiki a gaba. Ni na fi son wannan hanya a kan ta inji, domin dakakken nama yana shan miya sosai.

Ki fere dankalin, ki yanka kowane gida huɗu, ki ɗora shi a ruwan sanyi da gishiri. Bayan ya tafaso, minti 15 zuwa 20 ya isa. Ki soka wuƙa, in ta shige ba gardama ya nuna.

Kafin nan ki soya albasa a mai kaɗan har ta yi taushi, ki zuba tafarnuwa da jajjagen attaruhu da tumatir, ki bar su su soyu har mai ya fara tasowa. Ki zuba naman da karas da kika yanka ƙanana, ki barbaɗa fulawar ki juya minti ɗaya, sannan ki zuba romo kofi ɗaya da dakakkiyar daddawa da dunƙule. Turawa wani ruwan ɗanɗano na kwalba suke sawa a nan, daddawarmu ta wadatar. Ki rage wuta ki bar shi kamar minti 15.

A nan girkin yake gyaruwa ko ya lalace. Abin da ake so naman ya yi kauri, ya kama jikinsa. Ki ja ludayi ta tsakiyar tukunyar: idan kin ga ƙasanta na ɗan lokaci kafin miyar ta dawo ta rufe, ya yi. Idan ruwa ya biyo ludayin nan take, ki ƙara masa wuta. Naman da ya yi tsululu ba ya iya ɗaukar dankali, sai dankalin ya nutse, a buɗe kwano a tarar da fate. Ki ɗanɗana gishiri yanzu, domin bayan an rufe shi babu sauran gyara.

Dankalin ma haka yake, ba ya son ruwa. Ki tsiyaye shi tas, ki mayar da tukunyar kan wuta minti ɗaya tururin ya fice, sannan ki farfasa shi da muciya tun da zafinsa. Ki sa man shanu, ki riƙa zuba madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan har ya yi laushi amma yana tsayawa a cokali. Kada ki kai shi turmi ki kirɓa, kada kuma ki sa shi a injin markaɗe, zai yi danƙo. Idan man shanun na 'yan Fulani ne ɗanye, ki fara soya shi da albasa, ƙamshin ya fi fitowa.

Yanzu sai haɗi. Ki zuba naman a kwanon ƙarfe mai ɗan zurfi, ki daidaita, ki ba shi minti 10 ya huce. Ki riƙa ɗora dankalin cokali-cokali, ki fara daga gefe ki yi zuwa tsakiya, ki shafe shi ya rufe ko'ina har bakin kwano. Ki ja layuka a samansa da cokali mai yatsu, ki ɗiga ɗan man shanu. Layukan nan su ne suke yin ja su yi ƙamas-ƙamas, kuma su yara suke rububi.

Mai murhun gashi na gas ko na lantarki ta sa shi a zafin digiri 200, minti 25 zuwa 30. Mafi yawanmu gawayi gare mu, kuma yana yin aikin daidai. Ki samu babbar tukunya, ki zuba yashi mai tsabta ya kai kaurin yatsu biyu, ki rufe ki ɗora a kan wuta minti 15 ya ɗau zafi. Ki ajiye ƙananan duwatsu uku a kan yashin, ki ɗora kwanon a kansu, ki rufe tukunyar, sannan ki zuba garwashi a kan murfin. Garwashin saman ya fi na ƙasan muhimmanci, tunda komai na ciki ya riga ya nuna, gashin sama kawai ake nema. Saboda haka ki rage wutar ƙasa. Bayan rabin awa ki kawar da garwashin a hankali don kada toka ta faɗa ciki, ki leƙa. Idan sama ya yi ja, miya tana ɗan tsattsafowa ta gefe, ki sauke. Wannan aikin a tsakar gida ake yin sa ko a madafi mai iska. Kada a shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa ko da lokacin hunturu ne, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Ki bar shi minti 10 kafin ki yanka, zai fita gunduwa-gunduwa bai wargaje ba. Ba ya buƙatar mahaɗi, sai dai yankakken kabeji ko ɗan yaji a gefe.

Idan dankalin turawa ya yi tsada, dankalin Hausa yana maye gurbinsa, ki dai rage madara ki ƙara attaruhu saboda zaƙinsa. Bayan Babbar Sallah kuma soyayyen naman layya da ya fara tauri yana shiga nan lafiya lau: ki daka shi ki tsallake tafasawar, ki yi amfani da ruwan zafi maimakon romo. Abin da ya rage kada ya kwana a waje idan babu firji, domin nama da madara ba sa jure zafinmu. Ki auna daidai cikin mutanen gidanki, a cinye shi a daren.

A ci daɗi lafiya.