Farfaɗiyar Barci a Tunanin Bahaushe: Nazarin Giɓin da Ke Tsakanin Suna da Cuta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi nau'in farfaɗiyar da ke tasowa a cikin barci, da matsayinsa a harshe da al'adar Bahaushe. Hasashen maƙalar shi ne, ƙirar kalmar farfaɗiya ta ɗaure cutar da faɗuwa a gaban jama'a, don haka wadda ta zo wa mutum yana kwance takan kuɓuce wa sunan, a jingina ta ga dannau ko iska ko fitsarin kwance. An kwatanta waɗannan sunaye da bayanan likitanci, sannan an nuna yadda tsarin kwanciya da tsoron yawun majinyaci ke iya raba shi da mai ceton ransa da dare.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da farfaɗiya a duniya da kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta kuma nuna cewa har kashi 70 cikin ɗari na iya rabuwa da tashin ciwon idan an gano shi an ba su maganin da ya dace, alhali kashi uku cikin huɗu na majinyatan ƙasashe matalauta ba sa samun maganin. An saba ɗora wannan giɓi a kan talauci da ƙarancin likitoci, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai wani tarnaƙi da ya riga waɗannan, wanda ya shafi manazarta harshe kai tsaye. Kafin a kai mutum asibiti ko wajen malami ko boka, sai an fara raɗa wa abin da ke damunsa suna, sunan nan kuwa shi ke zaɓen ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

2.0 Ƙirar Kalmar Farfaɗiya

Ana iya feɗe kalmar a matsayin ninkin saiwar faɗ- ta aikatau faɗi, inda baƙin ƙarshen gaɓar farko ya rikiɗe zuwa r, kamar yadda kaɗa ke ba da karkaɗa, fita ke ba da firfita, kashe ke ba da karkashe. Irin wannan ninki yana nuna yawaita ko maimaituwar aiki. Ɗafin -iya kuwa ana ganin sa a ƙarshen wasu sunayen larurori kamar tsargiya da hajijiya. Ke nan, ma'anar da ke kwance a cikin kalmar ita ce faɗuwa a kai a kai. Akwai kuma aikatau farfaɗo, wato dawowa hayyaci bayan suma, wanda kunnen mai magana ke haɗa shi da sunan cutar. Ko ta wace fuska aka bi, hoton ɗaya ne: mutum yana tsaye ko zaune, ya yanke jiki ya faɗi, jama'a na kallo, can ya farfaɗo.

Abin sha'awa shi ne, wannan suna ya dace da ma'anar likitanci ta fuskar maimaituwa. Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Duniya, a ma'anar da ta fitar a 2014, ta sanya tashin ciwo sau biyu ba tare da wani sanadi na nan take ba, da tazarar fiye da awa 24 a tsakani, cikin sharuɗɗan tabbatar da cutar. Bahaushe ma bai cika kiran jijjigar yaro mai zazzaɓi ko taune-taunen mai ciki da sunan farfaɗiya ba, ya ware musu nasu sunaye, kuma a nan ya yi daidai. Inda sunan ya gaza shi ne sharaɗin faɗuwa. Wanda ke kwance ba ya faɗuwa.

3.0 Abin da Ke Faruwa a Cikin Barci

Farfaɗiya tana faruwa ne idan wani gungu na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya saki lantarki fiye da kima a lokaci guda. Barci kuwa hawa-hawa ne. A matakan da ba na mafarki ba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna bugawa tare bisa kari ɗaya, wanda ke sauƙaƙa wa wannan lantarki bazuwa. A matakin mafarki, tashin ciwon ya yi ƙaranci ƙwarai. Tun a ƙarni na 19 likitan nan na Ingila William Gowers ya lura cewa kimanin ɗaya cikin biyar na majinyatan da ya bibiya da dare kaɗai ciwonsu ke tashi. Ya yi wannan lura ne kafin Hans Berger na Jamus ya fara ɗaukar igiyar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924.

Nau'in da ya fi rikita masu kallo shi ne wanda galibi ke tasowa daga sashen goshi na ƙwaƙwalwa. Mai shi yakan zabura daga barci, ya yi ihu, ya riƙa shure-shure kamar mai tuƙa keke, ko ya sandare da hannu ɗaya a miƙe, wani lokaci ya diro daga gado da alamar tsoro a fuska. Abin bai cika wuce minti biyu ba, amma yana iya maimaituwa sau da yawa a dare ɗaya, kuma kowane tashi kamar an kwafe shi daga na baya. Ya kamata a faɗi cewa su kansu likitoci sun daɗe suna ruɗewa a kansa. A 1981 Lugaresi da Cirignotta na Boloniya a Italiya sun bayyana shi a matsayin larurar motsi ta barci, sai daga baya aka tabbatar farfaɗiya ce. A 1995 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi a wata zuriya a Ostireliya, a 2016 kuma aka sake masa suna. Idan masu na'ura sun ɗauki shekaru kafin su gane shi, ba a yi wa uwar da ta kira shi iska adalci ba in an ce jahilci ne kawai.

Akwai kuma wani nau'i na yara da ke zuwa a farkon barci ko dab da farkawa: gefen baki ya riƙa fizga, yawu na zuba, maƙogwaro na gurnani, yaron yana ji amma ya kasa magana. Wannan yakan tafi da kansa idan yaro ya balaga. Wani nau'in na samari da 'yan mata ne, yana zuwa da fizgar hannu jim kaɗan bayan tashi daga barci, har kofin koko ya suɓuce, a yi ta yi wa yarinya faɗan sakarci.

4.0 Sunayen da Ke Karɓar Baƙo

Tun da farfaɗiya ba ta karɓi abin da ya faru a shimfiɗa ba, wasu kalmomi ne ke karɓarsa.

Dannau shi ne na farko. Mai dannau yana farke a hankalinsa, ya kasa motsi ko magana, yana jin nauyi a ƙirji, sau da yawa yana jin kamar akwai wani a ɗakin. A likitance wannan ba farfaɗiya ba ce, sakin tsokoki ne na matakin mafarki da ya ɗan zarce bayan farkawa, kuma ba ya cutarwa. Matsalar ita ce yaron da aka ambata a sama, wanda ke ji ya kasa magana, bayaninsa da safe zai yi kama da na mai dannau. Bambancin yana hannun mai kallo: mai dannau ba ya motsi ko kaɗan, wancan kuwa fuskarsa na fizga.

Firgita da sambatu su ma suna karɓa. Firgitar yara ta gaskiya takan zo a sulusin farko na dare, sau ɗaya, ta ɗauki mintuna, kuma yanayinta na yau ba lallai ya zama irin na jiya ba. Farfaɗiyar barci gajeriya ce, mai maimaituwa, mai kama ɗaya. Fitsarin kwance kuwa, idan ya dawo wa wanda ya daɗe da dainawa, musamman in ya tashi da ciwon kai da tsamin jiki da cizo a gefen harshe ko jini a matashi, shaida ce babba. Amma a gidajenmu abin kunya ne, ana rufe shi ko a yi wa yaro horo a kai, don haka shaidar ta ɓace tare da wankin zane.

Sai kuma iska, wadda ta fi duk sauran faɗi. Dare a tunanin Bahaushe lokacin mutanen ɓoye ne. Mutumin da ya zabura tsakar dare yana ihu da ƙarfin da ba a san shi da shi ba, ya wayi gari bai san abin da ya yi ba, ya cika kusan duk siffofin wanda iska ta shafa. In budurwa ce, nan da nan a ambaci namijin dare, a haɗa da jinkirin aurenta. Daga nan hanya ta miƙe zuwa hayaƙi da rubutu da ruƙiyya, ko girka a wuraren da bori ke da sauran ƙarfi. Ba manufar wannan maƙala ba ce ta yi hukunci a kan imanin kowa. Abin lura dai shi ne, malaman Musulunci na da ba su tattara ciwon duka a kan aljanu ba. Ibnul Ƙayyim ya kasa shi gida biyu, na ruhohi da na gurɓatar sinadaran jiki, Ibnu Sina kuma ya tattauna shi a cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. Hadisin matar nan da ta kai kukan farfaɗiyarta ga Annabi (SAW), wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibnu Abbas, ya nuna mace mai cikakken hankali, wadda babbar damuwarta ita ce tsiraicinta idan ciwon ya tashi. Wannan rabe-rabe na magabata ya ba da sararin da za a iya cewa a je asibiti ba tare da an ce wa iyali su bar addu'a ba.

5.0 Wa Ke Kwana Kusa da Majinyaci?

A nan ne maganar ta wuce ta suna ta zama ta rai. Akwai mutuwar fuju'a da ke samun masu farfaɗiya, kimanin mutum ɗaya cikin dubu na manya a kowace shekara. Mafi yawanta da dare take faruwa, bayan babban tashi mai sandarewa da jijjiga, kuma sau da yawa akan tarar da mamacin kife a kan fuskarsa. Wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka buga a 2013, wanda ya bibiyi waɗanda suka rasu suna ɗaure da na'urori a asibiti, ya nuna numfashi ne ke fara ɗaukewa bayan tashin, sannan zuciya ta tsaya. Bincike ya kuma danganta kwana da wani a ɗaki da raguwar wannan haɗari, domin mai juya majinyaci ya kwantar da shi a gefensa, ya taɓa shi, ya kira sunansa, yana iya zama sanadin dawowar numfashin.

Tsarin kwanciyar Bahaushe na gargajiya yana da wannan kariya a cikinsa. Yara na kwana a ɗakin uwa, almajirai na kwana jere a zaure, 'yan mata na kwana da kaka. Abin takaici, imanin da ya bazu cewa kumfar bakin mai farfaɗiya ko yawunsa na yaɗa cutar shi ke warware kariyar. Da zarar an kira ciwon da sunansa, sai a ware wa yaro tabarma da ƙwarya, wani lokaci da ɗaki. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa. Ke nan majinyacin barci yana tsakanin asara biyu: in ba a kira ciwonsa farfaɗiya ba, ba zai sami magani ba, in an kira kuma, ana iya barinsa shi kaɗai a lokacin da ya fi buƙatar mutum. Saurayin da ya koma kwana a shagon ƙofar gida shi ya fi kowa shiga wannan hali.

Aure ma yana da nasa. Ciwon rana ba ya ɓoyuwa, na dare kuwa iyaye na iya rufe shi shekara da shekaru, har sai ango ko amarya ta gan shi a makon farko. Da yake hauka na cikin aibobin da fiƙihun Malikiyya ya ba da zaɓin warware aure a kansu, kuma jama'a na cakuɗa farfaɗiya da taɓin hankali, tsoron iyayen ba na banza ba ne. Sai dai ɓoyewar na da tsada, domin wasu magungunan suna da ruwa da tsaki a sha'anin haihuwa. Balfurowet na iya yi wa ɗan tayi lahani, kabamazafin da fenobabiton kuma suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Matar da ke shan magani a ɓoye ba ta da damar tattauna waɗannan da likita tare da mijinta.

6.0 Aikin da Ya Rage wa Masu Harshe

Rashin isasshen barci da tsallake shan magani na daga cikin manyan masu tayar da ciwon, abin da ya sa watan azumi, da sahur da tsayuwar dare, ke buƙatar majinyaci ya tsara lokutan maganinsa da likita tun kafin ganin wata. Irin wannan saƙo ba zai isa ga wanda bai san ciwonsa farfaɗiya ba ne. A ganin mai wannan nazari, masu fassara saƙonnin lafiya a rediyo da asibitoci su daidaita a kan farfaɗiyar barci, duk da tufka da warwarar da ke cikin ƙirarta, domin tana jawo abin da ke faruwa a shimfiɗa zuwa ƙarƙashin sunan da ke da magani. Ƙirƙiro sabuwar kalma fil ba zai yi wannan aiki ba.

Haka nan tambayar da ma'aikacin lafiya ke yi tana buƙatar gyara. In ya ce, "Baba, yaron nan yana faɗuwa?" za a ce masa a'a, kuma ba a yi ƙarya ba. In kuwa ya ce, "Inna, yakan tashi da harshe a cije? Yakan jiƙa shimfiɗa bayan ya daina? Abin da yake yi da dare iri ɗaya ne kullum? Sau nawa a dare?" amsoshin za su bambanta. Tun da na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa kan kasa nuna komai a wannan nau'i idan an yi gwajin da rana, bayanin wanda ya kwana kusa da majinyaci, ko hoton bidiyon da ya ɗauka da wayarsa, shi ne babban abin da likita zai dogara da shi. Tattara kalmomin da iyaye mata ke siffanta waɗannan darare da su, daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Damagaram, da tantance wace kalma ke nufin wane motsi a kowane kari, aiki ne na fage da ya dace sassan nazarin Hausa su yi tare da sassan likitancin ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa.